Ranar da Na Gyara Sitiyarin Surukina

Duk unguwarmu ta Nima babu wanda ya kai ni sanin mota, ko da yake ko keke ban taɓa mallaka ba. Shi ya sa da surukina Alhaji Mumuni ya ce sitiyarin tsohuwar akori-kurarsa yana rawa, ga shi zai kai ragunan layyar mutane zuwa unguwar Maamobi, na hana shi kiran bakanike.

"Baba, wannan ai kamar shan koko ne."

Na shige ƙarƙashi da sifana da man kaɗanyar matata, don a ganina giris na ragwaye ne. Na laɓta, na ɗaure kowane noti har jijiyar wuyana ta fito. Rawa kam ta daina.

Muka hau hanya ina hura hanci. A kwanar farko Alhaji ya murɗa, ya ƙara da bisimilla, sitiyari ya ce bai san zancen ba. Muka miƙe samɓal cikin kwata. Raguna suka dire, kowanne ya kama lungunsa.

Har yau 'yan unguwa suna maimaita abin da Alhaji ya ce, yana tsaye cikin baƙin ruwa har gwiwa:

"Injiniya, je ka kamo su. Amma don girman Allah, in ka ga wani yana ɗingishi, kada ka gyara shi."