Atamfar Inna Ta Sauka a Anka

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na yi wa mutanen Anka kyautar da ban yi niyya ba. Lokacin ina sabon matuƙi, an turo mu da ƙaramin jirgin feshi mu kori jan-baki, tsuntsayen da ke cinye shinkafar fadamar Gummi, garinmu. Daga wani fili kusa da Bukkuyum muke tashi. Na aika wa Inna cewa ta fito bakin fadama, zan jefo mata turmin atamfa daga sama (kada ka tambaye ni abin da ya hana ni miƙa mata a hannu). Ita kuwa ta gayyato matan unguwa kaf su zo kallon ɗanta.

Ranar an yi ruwan asuba, gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa. Kyaftin, maigidana, ya ja mini kunne: "In ka tashi, idonka kan allurar kamfas. Miƙe yamma har ka fita daga gajimare. Kada ka yarda da jikinka."

Na ce to. A raina kuwa na ce, ni da aka haifa a bakin gulbin nan, allura ce za ta nuna mini hanyar gidanmu?

Ina shiga gajimare sai jikina ya rantse mini jirgi ya karkata. Na gyara. Ya sake rantsewa, na sake gyarawa. Allura na ta juyi, na yanke mata hukuncin lalacewa. Da na fito fili, ga gulbi a ƙasa, na bi shi ina waƙa. Can sai ga gari, ga taron mata. Na sauko, na kewaya, na kaɗa fikafikai, na saki atamfa, har da ɗaga hannu.

Sai muryar Kyaftin a rediyo: "Kana ina?"

"Bisa Gummi, ranka ya daɗe!"

"To duba allura."

Gabas take nunawa. Ga kuma rana tana dukan goshina tun ɗazu, wadda ko akuya ta san ba daga yamma take fitowa ba. Na ji kamar in bi atamfar.

Inna kuwa tana bakin fadama har azahar, mata na sulalewa ɗaya-ɗaya. Wannan shi ya fi ƙona mini rai. Bayan wata guda ta je bikin suna a Anka, ta dawo ta kira ni.

"Na ga atamhwata jikin wata mata, ta yi mata kyawo," in ji ta. "Ta ce wani mahaukacin matuƙi ya yado ta. Ni ko nic ce, Allah shi ba uwatai haƙuri."

Tun ranar, in allura ta ce yamma, ko jikina zai yi rantsuwa dubu ba na sauraronsa. Sabuwar atamfar kuwa a mota na kai ta, bayan Inna ta aiko a gargaɗi direba kada ya bari in nuna masa hanya.