Yadda Za Ka Ceci Tsohuwar Makarantar Garinku Ba Tare Da Ka Yi Gumi Ba

Ɗan'uwa, idan an ce za a rushe tsohuwar firamaren garinku, kana kuma son a riƙa cewa kai ka hana alhali ba ka ɗaga ko tsinke ba, gyara zama. Maƙwabcina Haladu Maikasuwa ya bi hanyar nan bara a garinmu, can bayan duwatsun Roni, kuma na ba ka tabbaci ba ta ƙin aiki.

1. Riga kowa ɓacin rai

Da zarar labari ya iso cewa an ba ɗan kwangila filin ya zuba shaguna, kada ka jira taro. Garzaya ƙofar gidan dagaci, tuɓe takalmi, durƙusa. Abin da Haladu ya ce shi ne, "Ranka ya daɗe, ginin da kakanninmu suka ɗauko duwatsunsa a ka? Sai dai a bi ta kaina!" Ba sai ka ambaci cewa daga aji biyu ka gudu ka koma kiwon awaki ba. Tarihi ba ya son yawan bayani.

2. Manne wa mai aikin gaske

A garinmu Hajiya Saude ce, tsohuwar shugabar makarantar. Ita ta ce a yi aikin gayya, a gyara rufi a mayar da yara aji, don kada a sake kiran wurin kango. Duk abin da ta faɗa, ka gyaɗa kai ka ce, "Gaskiya ne, Hajiya, abin da ke bakina ke nan." Idan an ɗaga waya za a ɗauki hoto, matso.

3. Zo aiki da farar shadda

Babu mai kunyar da zai miƙa wa farar shadda kwaɓaɓɓen siminti. Sa waya a kunne, ko da babu caji. Da Yakubu magini ya ce, "Malam Haladu, kama mana katakon nan," sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "Yi haƙuri, da Dutse nake magana."

4. Nemi maɓoya

Ajin ƙarshe ya fi, mai sanyi da dogon benci. Can Haladu ya miƙe bayan azahar, lokacin da jama'a suka tafi cin dambun da mata suka dafa.

5. Kada ka yi saurin buɗe ido

Nan ne sirrin. Ɗan kwangila ya samu labarin babu kowa, sai ya turo katafila. Direbanta Ashiru mai tsoron Allah ne, ya sauko ya leƙa ajujuwa tukuna. Ya tarar da mutum kwance.

"Baba, tashi, aiki za mu yi."

Haladu ya zaci su Yakubu ne suka gano shi. Ya ƙanƙame benci, ido a rufe, ya daka tsawa: "Wallahi ba inda zan je! Ku yi duk abin da za ku yi!"

Ashiru ya kashe inji. Kafin ya gama kiran maigidansa, gari ya cika filin, tsofaffin ɗalibai sun zagaye ginin, mata suna guɗa. Hoton Haladu manne da benci ya bi wayoyi har Kazaure, magana ta kai sama, aka dakatar da rusau. Yau yara suna karatu a ciki.

6. Karɓi yabo kai a sunkuye

Idan an tambaye ka ko ka ji tsoro, ce, "Ni dai zuciyata a kwance take." Ba ƙarya ka yi ba.

Gargaɗi

Marubucin nan ba ruwansa da abin da zai biyo baya. Makon jiya dattawan wani ƙauye na Gwiwa suka zo da babur har ƙofar Haladu. Za a rushe musu tsohuwar rumfar kasuwa, suna roƙon gwanin ya je ya kwanta. Dagaci ya sa albarka, Hajiya Saude ta ce ai ba zai ƙi ba. Na gan shi a bayan babur yana salati, kuma direban katafilar wancan garin ba wanda ya san halinsa. Idan kai ma aka zo ɗaukarka, kada ka ce ni na aike ka.