Ranar da Na Ƙwato wa Kano Latas

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fara zuwa gaishe da mahaifin Rakiya a flat ɗinsu na Whitechapel. Lokacin kuɗin man fetur sun fara ambaliya, gwamnati ta turo mu karatu Landan, kowannenmu yana taƙama kamar shi ya haƙa rijiyar. Ina son Rakiya sosai, amma mahaifinta, wani likita Bakano, ya riga ya kori wasu samarin kafin ni. Ko a ba ni ko a hana, a wannan zaman za a yanke.

Na sha kwat da wando mai faɗin ƙafa, na durƙusa na kwashi gaisuwa. Hajiya, mahaifiyarta, ta jera shinkafa da kaza da haɗin latas. Ni kuwa ɗan asali, ina ni ina cin abinci gaban suruki? Na ce na ƙoshi (tun safe shayi ne kawai a cikina). Bakin da aka hana ci kuwa sai ya nemi wani aikin.

"Baba," na ce, ina nuna kwanon, "ka ga Turawan nan? Har sunan ganyen nan a wurinmu suka sata. Latas ɗinmu suka mayar lettuce. Kakana ma ya noma shi a lambunsa."

Da na tsaya nan da sauƙi. Ina! Na shiga ta mulkin mallaka, na fita ta gyaɗa da fata, na ce lokaci ya yi da za a dawo mana da kayanmu. Rakiya tana bakin kicin tana ta ƙifta mini ido. Na ɗauka yabo ne, na ƙara wuta.

Likita ya tashi ya ɗauko latas guda daga kicin, ya karya gindinsa, wani farin ruwa ya tsattsafo.

"Ɗana, me ka gani?"

"Kamar madara, Baba."

"To, shi Romawa suka gani. Lac suke ce wa madara, ganyen kuma lactuca. Faransawa suka gada, Turawan Ingilishi suka ara, kukun Bature ya kawo mana. Ai sai da na yi Latin, yaren Romawa, kafin in shiga medicine."

A daidai lokacin cikina ya saki wata doguwar ƙara mai hawa da sauka. Hajiya ta toshe baki da mayafi. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Na hau tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, ina yi wa Rakiya ban kwana a zuci. Sai ga ta a makarantarmu bayan kwana biyu, tana dariya.

"Baba ya ce ka turo magabatanka. Wai wanda zai yi wannan faɗan a kan ganye, ba zai bari a taɓa masa 'ya ba. Amma ya ce in riƙa yi maka checking kafin ka buɗe baki."

Ga mu nan har da jikoki, kuma ba ta fasa aikin da aka ba ta ba. Ni dai na koyi abu ɗaya: kafin ka bi ɓarawo da ihu, ka tabbata akuyar taka ce.