Katin da Yakura Ta Wanke

"…lafiya lau, amarya. Ya zaman kulle?"

"Tsaya nan! Kar ka ƙara taku. Daga kasuwar Dungas kake, Allah kaɗai ya san numfashin mutum nawa ka kwaso."

Yakura ce ta miƙa sandarta ta tokare ƙirjin jikanta Sadisu a bakin ƙofa. Tun da korona ta sa aka rufe makarantu, ya baro jami'a a Damagaram ya dawo ƙauyenmu kusa da Mallawa, ya tare a gidan kakarsa. Dangar kara ce kawai tsakanina da su, kuma ba zan ɓoye ba, kunnena kullum yana can. Tsohuwar nan ta riƙe maganar likitoci fiye da yadda su likitocin suka riƙe ta. An ce tsofaffi su zauna gida, ta zauna. Ba biki, ba suna, ba kasuwa. Abin da ya rage mata ƙaramar rediyo ce mai cin kati, da waƙa guda a katin: muryar marigayi mijinta Maina, makaɗin noma, wadda wani ya ɗauka da waya a gayyarsa ta ƙarshe. Babu ita ko'ina sai a wannan kati. Safe ita, rana ita, har awakina sun kusa haddacewa. Sadisu ne ya gaji, ya lallaɓe ta ta ba shi katin ya kai kasuwa a ƙara mata wasu waƙoƙi.

"Wannan sandar ce mitar taki?" in ji Sadisu.

"Ita ce. Rediyo ta ce mita guda, ni na ƙara rabi saboda kai ne."

"Miji ya dawo daga tafiya, ba ruwa, ba fura, sai sanda a ƙirji."

"Wane miji? Mai takunkumi a haɓa? Kowa a hanci yake sa nashi."

"Gemuna nake karewa."

"Wannan ɗan tsiron da ko fara ba za ta tsaya ci ba? Rataya ledar a sanda, Mushe. Je ka wanke hannu da sabulu, har gwiwa."

"Jiya ma sai da fatata ta saɓule. In na mutu a gidan nan, ba korona ba ce, sabulunki ne."

"In ka mutu ka rage mana aiki, wankakke ne kai."

Ya rataya ledar yana dariya, ya nufi buta. Ita kuwa ta juye duk abin da ke ciki a ƙwaryar da ta cika da ruwan kumfa da zabel, ruwan nan mai warin asibiti. Haka take wa duk abin da ya shigo daga waje. Goro ya faɗa, albasa ta faɗa, sai ga ɗan ƙunshin takarda ya bi su.

"Kaka! Katin yana ciki!"

"To shi ba kasuwa ya yini ba? Hannu nawa ya taɓa shi?"

"Tsoho kika jefa a ruwa!"

"Da ransa ma ni ke kai masa ruwan wanka, bai taɓa ihu haka ba."

"Rannan sukari kika wanke, muka sha kunu salam."

"Ka yi tari tun ranar?"

"A'a."

"To ka gode mini."

Sadisu ya tsamo katin, ya goge da gefen riga, ya ɗora a kan faifai.

"Ruwa ba ya kashe shi. Ki bar shi a inuwa ya bushe da kansa zuwa gobe. Kar ki taɓa, amarya, na roƙe ki."

"Ni za ka koya wa shanya? Ina shanya kuɓewa tun ubanka yana yawo ba wando."

Ya shiga ɗaki sallar la'asar, tun da masallaci ma a rufe yake. Yakura ta dubi rana, ta dubi rediyo. Lokacin waƙarta ya yi, kuma haƙuri ba ya cikin kayan da aka kai ta ɗakin miji da su. Kaskon gyaɗa yana kan wuta. Ina kallo ta kafar danga ta ɗauki katin ta ɗora a gefen kaskon. Na buɗe baki in yi magana, sai na tuna ba a san ina leƙe ba.

"Warin me nake ji?" Sadisu ya fito da gudu.

"Ya bushe. Aikin da ka ce sai gobe, na gama."

"Kin soya shi, Kaka! Dubi yadda ya lanƙwashe!"

"Ɗan ɗumi ya sha. Sa shi ka gani."

Da ƙyar ya tura shi cikin rediyo. Ya danna, shiru. Ya cire ya hura, ya mayar, shiru. Yakura ta karɓa ta bubbuga rediyon a cinya kamar yadda take yi in batir ya yi sanyi. Ba abin da ya fito.

"A wayar taka babu?" ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

Sadisu ya sunkuyar da kai. Da kunnena na ji shi kwanakin baya yana cewa ba zai cika wayarsa da kiɗan tsofaffi ba.

Ta ajiye sandar a ƙasa, abin da ba ta yi ba tun farkon kulle.

"Shi ke nan," ta ce. "Ya sake mutuwa. Wannan karon da hannuna."

Wallahi tausayinta ya kama ni, har na ji kunyar leƙen da nake yi. Sadisu ya dubi ƙwaryar. Can sai ya kwashe goro da albasa, ya zubar da ruwan kumfar, ya kife ƙwaryar a gabansa, ya zauna. Ya fara bugawa da yatsu, kiɗan noma sak, sannan ya ɗaga murya da waƙar da Maina ke wasa wani manomi da ita:

"Idrisa na gabas da rafi,
Kunyarka ba ta san karkace ba,
Rana ta gaji ta bar ka a gona…"

Yaron da ke toshe kunne da igiyar waya duk lokacin da aka kunna waƙar, ga shi yana jan ta baiti bayan baiti, ko kirari ɗaya bai tsallake ba. Yakura ta rufe baki da gefen zane. Yana tsakiya sai ya dakata, ya yi tari sau biyu, ya ci gaba.

Tsohuwa ta zabura ta rarumi sanda.

"Tari? A gidana? Ja baya!"

"Ba nawa ba ne, na tsoho ne. Nan daidai yake tari a katin."

Ta tsaya da sandar a sama. Sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin kumatu.

"Ɗan banza! Har tarin ka haddace? Kai da ka ce kiɗan yana sa maka ciwon kai?"

"Yana sa mini. Ke kika ɗura mini shi safe da rana, ina zan kai shi?"

"Muryarka dai ta jakin Abdussalam na bayan gida ce."

"A haka kika aure ni."

Ta share ido, ta nuna ɗakinta da sandar.

"Gangarsa tana rataye bayan ƙofa. Tun da ya tafi ban bar kowa ya taɓa ba. Ɗauko, taka ce. Amma daga yau kai ne rediyon gidan nan, safe da rana."

"Na yarda, amarya. Sharaɗi guda."

"Faɗi."

"Wanka dai na saba. Ban da kasko."