Ranar Da Na Je Masar Daga Zurmi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je ƙasar Masar ina zaune a kan tabarma a Zurmi, aka kuma dawo da ni gida a gaban mutane sama da ashirin tun ban gama cin shinkafar gabana ba.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Kaura Namoda. Shekara da shekaru ina koya wa yara labarin Masar ta dā: dala, fir'aunoni, Kogin Nilu, da yadda ake naɗe gawa ta shekara dubbai ba ta ruɓe ba. Ina iya zana dala a allo ina kallon 'yan aji (ba wata bajinta ba ce, layi uku ne). Amma tafiya mafi nisa da na taɓa yi a rayuwata Zariya ce, wani kwas na mako uku, shi ma zazzaɓi ya cinye mini mako guda.

Akwai kuma Bashiru, ɗan baffana. Na girme shi da shekara huɗu, gida ɗaya muka tashi, ni nake yi masa aikin gida har ya gaji da boko a aji uku ya bi motocin hatsi. Yau shi ke sayen gero da dawa da wake a Kasuwar Daji da Shinkafi yana loda wa manyan motoci zuwa kudu. Allah ya buɗa masa sosai. Da ya yi gida ban ji komai ba. Da ya sayi mota na je na shafa ta na yi addu'a. A raina na riga na yi mana rabo: shi dukiya, ni ilimi, kowa ya tsaya a gonarsa.

Sai kawai Bashiru ya tsallako gonata. Ya kwashi matarsa Hauwa da 'ya'yansa mata biyu da mahaifiyarsa Inna Asabe, wai daga Umara za su biya ta Masar su huta. Su huta! A ƙasar da na yi shekaru ina rubuta jarrabawa a kanta.

Kwana goma sha biyu suka yi, kwana goma sha biyu ban ji daɗin wayata ba. Kullum hotuna na zubowa a guruf ɗin danginmu. Ga Inna Asabe da hijabinta a gindin dala tana kare rana da hannu. Ga yaran a kan raƙumi. Ga Bashiru ya ɗaga hannu kamar ya kama ƙololuwar dalar da yatsu biyu, a ƙasa ya rubuta, "Ga mu gidan Fir'auna."

Na ce, "Gida? Dala ba gida ba ce, kabari ne!"

Rabi, matata, tana tsince shinkafa ta ce, "To Malam, ka rubuta masa mana ya ƙaru."

"Ba ni da lokacin wannan."

(Ina da shi. Hoton nan sai da na buɗe shi ya fi sau goma, ina jawo shi kusa ina duba gefen rigarsa ko zan ga alamar haɗawa aka yi.)

Ranar da suka shiga gidan tarihi ta fi kowace ciwo. Ya turo saƙon murya yana haki: "Jama'a, wallahi ga kujera ta zinare, ga akwatin gawa na zinare, har takalmin wani sarki yaro mun gani, na manta sunansa." Ya manta sunansa! Ni na san sunan, na san shekarunsa da ya mutu, na san wanda ya gaje shi. Daga nan suka gangara kudu inda kufan tsofaffin wuraren bautarsu suke, ginshiƙai kamar kukoki, duk jikinsu rubutu. Bashiru ya tsaya a tsakiyarsu yana shan lemon kwalba. Dangi kowa na ta sa albarka. Ni sai a rana ta tara na tura alamar babban yatsa guda, shi ma don Rabi ta tsare ni da ido.

Mako biyu da dawowarsu aka sa ɗaurin auren ƙanwarmu Zainabu a Zurmi, ango mutumin Shinkafi. Bashiru ya kira ni ya ce, "Yaya Malam, akwai wuri a mota, in biyo muku da safe?" Na ce a'a, ina da wani uzuri. Rabi ta bi su, ni kuma na je tasha na shiga motar haya, mu huɗu a baya, gwiwar wani bawan Allah a haƙarƙarina har muka isa. Wannan shi ne uzurin.

Aka ɗaura aure, aka shafa fatiha, maza muka koma ƙarƙashin rumfa aka kawo shinkafa da fura. Ango na gefe ba mai kula shi, duk an kewaye Bashiru. Yana ba da labari yana karkatar da sunaye, yana haɗa sarkin da ya riga wani da shekara dubu a gida ɗaya, mutane kuma na ta kabbara. Ina zaune ina tauna naman da ban ji ɗanɗanonsa ba.

Can aka aiko daga cikin gida ana nemansa, ya tashi. Baƙin Shinkafi suka ci gaba da maganar a tsakaninsu, wani ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai yadda aka ɗaga duwatsun nan ba inji. Nan na gyara zama. Na yi musu bayanin yadda aka sassaƙo su, yadda aka ɗauko wasu ta ruwa, yadda aka ja su a kan gangare. Wallahi na yi kyau. Har nan gaskiya nake faɗa, kuma da na tsaya nan da na tashi da mutuncina.

Waliyyin ango, wani dattijo mai farin gemu da ake kira Alhaji Mamman, ya dube ni ya ce, "Malam, wannan bayani haka, da alama kai ma ka taka ƙasar nan."

Kalma ɗaya ake nema, "a'a". Na waiga, na ga 'yan uwana na kusa duk sun tashi, saura Kawu Ɗanjuma, yayan mahaifiyata, wanda kunnensa ya yi nauyi, yana gyangyaɗi jikin ginshiƙin rumfa. Sai na ji bakina ya ce, "Ai Alhaji, mun riga su. Kwas aka tura mu."

Abin da ban sani ba game da ƙarya shi ne daɗinta. Nan take aka matso. Wanda ke kusa da ni ya turo mini ƙwaryar fura. Duk fuskokin da ɗazu ke kallon Bashiru suka juyo kaina, na ji wani sanyi ya ratsa ni tun daga wuya har tafin ƙafa.

Matsalar ita ce Masar ɗin da na sani ta cikin littafi ce, kuma a hoton littafinmu dala na tsaye ne ita kaɗai a tsakiyar rairayi. Hotunan Bashiru ma gefen rigarsa na tsaya dubawa, ban kula da abin da ke bayansa ba. Saboda haka na ce, "Su yanzu an sauƙaƙa musu. Mu a lokacinmu daga Alƙahira sai da muka yi awa shida a kan raƙumi cikin sahara, ba gida gaba ba gida baya, ruwanmu har ya ƙare." Aka yi salati. Na ƙara da cewa na hau har ƙololuwa na yi nafila raka'a biyu. (Har yau ban san daga ina nafilar nan ta fito ba.)

A ƙarshen tabarma akwai wani mutum siriri mai tabarau da farar jallabiya, tun da aka zauna bai ce uffan ba, lemo kawai yake ɓarewa. Alhaji Mamman ya juya gare shi da murna ya ce, "Ustaz Nura, ashe ga ɗan garinku! Malam, wannan yayan ango ne, shekararsa bakwai yana karatu a Alƙahira."

Na ajiye ƙwaryar fura a hankali.

Ustaz Nura ya yi murmushi, ya zubo mini wani dogon Larabci mai sauri, ya ɗaga gira yana jira. Ni Larabcina na salla ne. Na ji dai ya yi kama da fatan alheri, sai na ɗaga hannu biyu na ce, "Amin, amin summa amin."

Ya ce, "Cewa na yi, a wace unguwa kuka sauka?"

Wani saurayi ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Na ce ai an daɗe, sunan ya ɓace mini, amma unguwa ce babba mai masallaci. Ustaz ya ce, "Na'am, akwai su da yawa." Mutumin kirki ne, na ga alamar yana so ya bar maganar. Alhaji Mamman ne bai gane ba, ya ce, "Ustaz, kai ma ka sha wahalar raƙumin nan ta awa shida?"

Ya ɗan gyara tabarau ya ce, "To, ni dai motar haya na shiga. Dalar a bakin gari take, daga gindinta ana hango benaye, akwai ma masu sayar da shayi. Hawa kuma an hana tun da daɗewa, kama mutum ake yi."

Sai na ji murya a bayana: "Wataƙila Yaya Malam ta baya ya ɓullo mata. Ta bayan akwai sahara sosai."

Bashiru ne. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Shi da ya fi kowa sanin ko fasfo ba ni da shi, yana ƙoƙarin rufa mini asiri, fuskarsa ba alamar dariya. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige na ja tabarmar na rufe.

Kuma da an tsira a haka, don mutane sun fara gyaɗa kai cikin ladabi. Sai Kawu Ɗanjuma ya farka. Ya buɗe ido ya ce da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa, "Mi aka hwaɗi?"

Wani ya kai baki kunnensa ya yi ihu, "Malam ne ke ba da labarin zuwansa Masar!"

Kawu ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Wanga? Masar? Yaushe? Yaron da ko Gusau za shi sai uwatai ta yi kwana uku tana addu'a? Masara dai! Ita ya sani, ga gonatai can bayan tashar jirgi."

Rumfar nan ta fashe. Wanda ya ba ni fura sai da ya kwanta. Ango da aka manta da shi yana share hawaye da bakin babbar riga. Alhaji Mamman ya yi ta cewa, "Subhanallahi, ku bari mana," amma gemunsa na rawa. Na miƙe na ce zan je in yi alwala, alhali azahar da saura, na kuma rasa takalmina ƙafa ɗaya, na tsaya ina lalube cikin tarin takalma kowa na kallon bayana.

Kafin in samo shi labari ya shiga cikin gida. Na jiyo shewar mata ta kan katanga. Rabi ta leƙo daga zaure, ta dube ni ta ce, "Malam, sannu da hanya. Ba ka ko yi mana tsaraba ba."

Kowa na son barin Zurmi kafin la'asar saboda halin hanya, motocin tasha sun cika, dole na shiga motar da na ƙi da safe. Na zauna gaba ina kallon gonaki kamar ban taɓa ganin dawa ba. Mun yi nisa, sai Bashiru ya miƙa hannu ya jawo wani ƙunshi ya ɗora mini a cinya. Littafi ne babba mai hotuna, daga gidan tarihin.

Ya ce, "Tun can na saya maka, ka ƙi zuwa gida ne. Wallahi Yaya, wahala na sha. Yaran nan tambaya suke kamar 'yan sanda, wane ne wannan, me ya sa aka yi wancan, ni kuma ba abin da na sani. Kullum sai na ce da Baffanku Malam na nan. Don Allah ka zo ranar Juma'a ka yi musu bayanin hotunan, ni ma in ji abin da na gani."

Na so a ce ya yi mini dariya, da na samu abin riƙewa. Na ce, "Allah ya kai mu," murya kamar ta mai mura.

Na je ranar Juma'ar. Muka baje hotuna a falo na yi awa biyu ina bayani, yaran na rubutawa, Inna Asabe na cewa, "Ashe kabari muka yi ta hoto a gabansa!" Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma da muka zo kan hoton ginshiƙan nan, ƙaramar ta ce, "Baffa, da ka taɓa su, sanyi gare su ko da rana," sai abin nan ya sake tsunkulina a ƙirji. Wannan ba ya cikin kowane littafi.

Sunan Malam Masara kuwa ya riga ni isa Kaura. Har a ɗakin malamai, in lokacin gasasshiyar masara ya zo, sai in tarar an ajiye mini guda a kan tebur ba a san wanda ya kawo ba. Ina cinyewa.

Abin da na koya kaɗan ne, amma da tsada na saye shi. Hassada ba ta barin mutum don ya ji kunya sau ɗaya, tawa tana nan da lafiyarta. Sai dai yanzu in ta motsa a wurin biki, cika bakina nake da shinkafa har ta lafa. In kuma dole sai na yi magana, ina fara tambayar mai shirun da ke ƙarshen tabarma a ina ya yi karatu.