Gadar Baba Sale

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi a gaban mutanen unguwarmu ta Erdington, a ƙasar Turawa, na kafa ƙaho da yatsuna ba.

Council, wato hukumar gari, ita ce ta amince a fitar da sabuwar hanya ta cikin lambunan da muke haya a bayan unguwa. Ni dai layi biyu na alayyahu zan rasa. Amma Baba Sale, tsohon likita ɗan Zariya, tun da matarsa ta rasu lambun nan ne ke fito da shi daga gida. Muka haɗu da maƙwabta, muka ɗauki lauya, wata Baturiya mai haƙuri. Ta ce kotu ba ta sauraron "ba ma so", sai mun kawo abin da council ta tsallake, ko dabbar da doka ta kare, ko kayan tarihi.

Ranar taronmu da lauya Baba yana cikin jirgin ƙasa daga Manchester, ya je ganin 'yarsa. Sai ga saƙonsa a wayata: "Injiniya, gaya wa lauya akwai gada a cikin ƙayar bayan lambuna. Ta tsufa, ba wanda ya san da ita."

Kai, daɗi ya kama ni! Dama dabba nake ta fatan a samu. Na ɗaga hannu, na miƙe, na shelanta da Turancina na ofis cewa akwai wata 'yar dabba dangin barewa a wurin, tsohuwa, mai kunya. Lauya ta ce yaya kamanninta? Na kwatanta tsayinta, na kwatanta kalarta, har na ce da idona na taɓa hango ta (Allah Ya yafe mini). Da ta tambayi ƙaho, sai na ɗora yatsu biyu a ka.

A haka Baba ya shigo da sandarsa.

"Injiniya, lafiya kuwa?"

"Gadar nake musu bayani, Baba."

Ya dube ni, ya dubi yatsun. "Gadar da ake takawa fa nake nufi, ɗana. Ta bulo, a kan rafi."

Innalillahi! Ni da aikina kenan zana gadoji, da shi nake ci da iyalina. Na sauke hannu a hankali.

Baba bai tona ni ba. Ya juya ya ce wa jama'a laifin rubutunsa ne, a Hausa harufan ɗaya ne, murya ce ke raba su. Aka yi dariya, ba ta mugunta ba. Lauya kuwa alƙalami ta ɗauka, ta ce, "Wace gada? Babu ita a rahoton council."

Washegari ni na shiga ƙayar da abin awo. Tsohuwar gada ce ƙwarai, tun zamanin keken doki. Da ita aka je kotu, kotu ta soke amincewar, ta ce a koma a sake nazari. Lambun Baba na nan har yau, kuma wallahi ina gode masa duk lokacin da na tuna yadda ya rufa mini asiri.

Sai dai yanzu in ya hango ni daga nesa, "Mafarauci!" yake kira. Ni kuma in saƙonsa ya shigo, kiransa nake yi in ji da kunnena kafin in buɗe baki.