Ranar da na gyara wa mahauci tsayuwar dambe

Sati uku na yi ina koyon damben Turawa a waya, ina naushin iska gaban madubi, har na fara tausayin duk wanda zai tsokane ni.

Wata Asabar na je sayen nama kasuwar Garki, na tarar da mahaucina, Baba Ilu, yana kwatanta wa abokansa damben da ya yi da ƙuruciya. Maimakon in karɓi namana in tafi, sai na ce, "Baba, tsayuwarka ba daidai ba ce, haɓarka a buɗe take."

"To, Oga, gyara mini."

Na ajiye hula, na kare fuska, idona kan hannunsa. Babu bidiyon da ya gaya mini a dambenmu ana sa ƙafa. Tsohon nan ya kwashe ni, na faɗa zaune cikin daron kayan ciki.

Na ce wannan ya saɓa doka. Ya ce, "Dokar wa?"

Ni ma'aikacin gwamnati guda, har yau da na doso layin mahauta sai wani ya ce, "Ku janye daron nan, ga Koci."